Yadda ake tausa don sassauta daɗaɗɗen ciwon baya da wuya

Duk wanda ya ratsa layin teloli a Kasuwar Barci ta Kaduna bayan sallar La'asar zai ga wani abu da ake maimaitawa daga shago zuwa shago: tela ya sauke ƙafa daga kan keke, ya kai hannu ƙeyarsa ya matsa, ya dafe ƙugu da hannu biyu ya banƙare har da ɗan nishi, sannan ya koma ya sunkuya kan ɗinkinsa. Haka direban Keke Napep da ya wuni yana kai-komo tsakanin Kawo da Kasuwar Gumi yake yi idan ya samu ya tsaya, haka ma maƙerin Panteka, da ma'aikaciyar da ta wuni tana duban kwamfuta, da uwargidan da ta share tsakar gida da gajeriyar tsintsiya ga goyo a baya. Idan suka koma gida, abin da yawancinsu ke samu bai wuce a shafa musu man zafi ba, ko kuma a kira ƙaramin yaro a ce ya hau bayan Baba ya tattaka. Alhali tausa aiki ne mai ƙa'ida, wanda kowa zai iya koyon daidai gwargwado ya amfani iyalinsa, muddin ya san inda ake dannawa, da inda ba a taɓawa, da kuma iyakar abin da hannu zai iya yi.

Iyakar ce ya kamata a fara sani, domin ta nan ake yawan yaudarar masu ciwo. Tausa tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana rage zafi, tana sa mutum ya iya juya wuya ko sunkuyawa fiye da yadda yake yi kafin a taɓa shi, kuma tana taimaka wa barci. Amma ba ta mayar da ƙashin baya mazauninsa, saboda a jikin mafi yawan masu wannan ciwo ƙashin bai taɓa barin mazauninsa ba. Abin da take bayarwa shi ne sa'o'i ko 'yan kwanaki da jiki zai sake, kuma motsin da aka yi a cikin waɗannan kwanaki, da gyaran da aka yi wa yanayin zama da aiki, su ne ke sa sauƙin ya zauna.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda ya haura wata 3 bai rabu da mai shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, wanda muke kira ciwon ƙugu ko kwankwaso, kuma tana hasashen za su kai miliyan 843 a shekarar 2050. A wajen kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idojinta na kula da irin wannan ciwo ba tare da tiyata ba, inda ta sanya tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai ciwo, a haɗe da atisaye da wayar masa da kai game da ciwonsa, sannan ta ce kada a riƙa amfani da bel ɗin ɗaure ƙugu, ko na'urar jan baya, ko magunguna masu ƙarfi na dangin tiramadol.

Sauran kashi 10 ɗin nan su ne dalilin da ya sa ba a fara tausa sai an yi tambayoyi. Idan ciwon bayan ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya, ko fatar tsakanin cinyoyi da wajen zama ta mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa tana ƙara rauni har takalmi na saɓulewa mutum bai sani ba, to ana zargin jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne suka matsu, kuma wannan na asibiti ne a ranar, ba a kwana da shi a gida. Idan akwai zazzaɓi, ko rama ba gaira ba dalili, ko gumin dare, ko ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta har yana tayar da mutum daga barci kullum, sai likita ya duba tukuna, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya ya cinye shi har doro ya fito, kuma a ƙasarmu wannan ba baƙon abu ba ne. Haka ma wanda ya taɓa yin ciwon daji, da wanda ciwonsa ya fara bayan faɗuwa daga babur, da tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni har tsawonta ya ragu. Ciwon kafaɗar hagu ko na tsakiyar baya da ya zo da nauyin ƙirji da haki da gumi yana iya zama daga zuciya. Akwai kuma guda ɗaya da ake yawan mantawa: ƙafa ɗaya ta kumbura daga ƙasan gwiwa, ta yi zafi, musamman bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar kwanciya. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma matsa wurin na iya ɓalle shi ya tafi huhu. Wanda ke shan maganin tsinka jini, da mai sikila da ciwonsa ya tashi, ba a yi musu danna mai ƙarfi. Mai juna biyu kuma ta fara tambaya a wajen awo, idan an amince ta kwanta a gefe a yi mata mai sauƙi.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai mai tausa ya san abin da ke ƙarƙashin hannunsa. Ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sauran 9 na can ƙasa kuwa galibi sun manne da juna a jikin baligi. Tsakanin gaɓoɓin da ke motsi akwai faifan guringuntsi da ke shanye girgiza. Ba a halicci jerin a miƙe kamar sanda ba. Ya ɗan shiga ciki a wuya, ya fito a gadon baya, ya sake shiga a ƙugu, kuma lafiyarsa ke nan. A samansa kai ke zaune da nauyin kusan kilo 5, kwatankwacin galan mai cin lita 5 cike da ruwa. Wanda ya riƙe galan ɗin manne da ƙirjinsa zai daɗe bai gaji ba, amma ya miƙa hannu da shi na minti biyu ya ji yadda kafaɗa za ta yi. Abin da tsokokin bayan wuya ke sha ke nan idan kai ya wuni a gaba, kan allurar keke ko kan waya.

Wanda yake son ya ga abin da masu wannan sana'a suka fi magana a kai, ya tsaya gaban teburin mahauci ya lura da farin tantanin nan mai sheƙi da ake ɗayewa daga jikin tsoka da bakin wuƙa. Shi likitoci ke kira fashiya, kuma ya lulluɓe kowace tsoka ya haɗa ta da maƙwabciyarta tun daga tafin ƙafa har ƙoƙon kai. Wata masaniyar kimiyya 'yar Amurka mai suna Ida Rolf, wadda ta rayu daga 1896 zuwa 1979, ta gina hanyarta ta tausa, wadda ake kammalawa a zama 10, a kan wannan tantani, ta kafa cibiyar koyar da ita a 1971, kuma da'awarta ita ce danna mai zurfi da aka yi a hankali yana sake tsara shi har jiki ya tsaya daidai. Kafin ita an yi Andrew Taylor Still da ya kafa ostiyofati a 1874, da Daniel David Palmer da ya kafa kairofiraktik a 1895, hanyoyi biyu na jinyar gaɓoɓi da hannu, kowanne da nasa bayanin. Salon hannunsu yana da amfani, kuma zan ɗauko wani abu daga ciki, amma bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na masu binciken da ke cewa tantanin ya fi ƙarfin a sauya masa siffa da yatsu, kuma abin da ke sauyawa shi ne yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke tsaron wurin, su saki tsokar da suka ɗaure saboda fargabar ciwo. Wannan yana da tasiri a aikace: tunda lallashi ake yi, ƙarfin tuwo ba shi da amfani.

Kafin a taɓa, a duba. Na koyi wannan ne a jikin kawuna, tela ne da ya haura shekara 30 a kan keke, wanda kullum yake lanƙwasa hannu ta baya yana nuna tsakanin allunan kafaɗarsa yana cewa, "Nan ne, ɗan nan, nan za ka danna." Na daɗe ina dannawa a nan, ya ji daɗi a daren, washegari da azahar ciwon ya dawo. Ranar da na ce masa, "Kawu, yi sallama in gani, kamar ka idar da salla," sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: ta dama haɓarsa tana kusan kaiwa kafaɗa, ta hagu kuwa tana tsayawa a rabin hanya, sai ya juya ƙirjinsa gaba ɗaya ya cike gurbin. Da ya kwanta rigingine, kafaɗunsa biyu ba sa taɓa tabarma, sun tasa sama sun tattaro gaba. Wurin da ke kuka yana baya, amma tsokar da ta gajarce tana jan kafaɗun tana ƙirji. Saboda haka a sa mai ciwo ya juya kai dama da hagu, ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya banƙare kaɗan, ya tsuguna ya tashi, a lura da motsin da ya gaza da wanda ke tayar da ciwo. A riƙe biyu daga ciki, domin da su za a auna aikin idan an gama.

Shimfiɗar ta kasance mai tauri, tabarma da bargo a kai ko siririyar katifa a ƙasa, domin katifa mai laushi tana shanye dannar ta kuma lanƙwasa ƙugu. Idan mai ciwo ya kwanta rub da ciki, a sa filo ƙarƙashin ƙwaurinsa, a naɗe tawul a tallafi goshinsa don kada wuya ya daɗe a murɗe gefe guda, idan kuma ƙugu ne ke ciwo a ƙara siririn filo ƙarƙashin mara. A lokacin hunturu, musamman a Disamba da Janairu da sanyin Kaduna ke shiga ƙashi, a rufe taga, a lulluɓe duk inda ba a aiki a kai da zane, domin tsokar da ke jin sanyi ba ta sakewa. Man kaɗanya ya wadatar, haka man zaitun ko na kwakwa, a narkar da shi a tafin hannu kafin ya taɓa fata. Man zafi ba na tausar baya gaba ɗaya ba ne, kuma ba a ɗora tawul mai zafi a kansa don yana iya ƙona fata. Gashi da tawul mai ɗumi na minti 15 kafin a fara yana taimakawa, amma a yi hattara da mai ciwon suga da jin fatarsa ya ragu, domin zai ƙone bai sani ba. A yanke farce, a cire zobe da agogo. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, ko kuma tsakanin miji da mata, kuma a faɗa wa mutum inda za a taɓa kafin a taɓa.

Sai a yi yarjejeniya kan zafi: daga 0 zuwa 10, ba a wuce 5 ko 6. A nan akwai matsala irin tamu, domin mutanenmu suna da dauriya da kara, kuma dattijo ba zai ce wa ɗan cikinsa ya ji zafi ba, sai dai ya ce, "Ci gaba, haka ake so." Kada a dogara da bakinsa. A dubi yatsun ƙafarsa da numfashinsa: idan yatsun suka ƙanƙame, ko ya riƙe numfashi, ko kafaɗunsa suka tashi zuwa kunne, an wuce gona da iri, kuma tsokar tana ƙara ɗaurewa ne don ta kare kanta. Shi ma mai tausa ya kula da nasa jikin, ya durƙusa kusa, ya miƙe gwiwar hannu, ya bar nauyin jikinsa ya yi aikin, in ba haka ba cikin minti 10 manyan yatsunsa za su gaji ya tashi da nasa ciwon.

Ana farawa da shafa. A ɗora tafin hannu biyu a ƙugu, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, a tura su sama a hankali har kafaɗu, a buɗe su waje, a dawo ta gefen haƙarƙari da sassauci. Kowace tafiya ta ɗauki tsawon numfashi guda mai zurfi, a yi ta maimaitawa na kusan minti 5. Mai gaggawa yana ganin wannan ɓata lokaci ne, alhali a nan hannu ke gano inda ya yi tauri da inda mutum ke zabura. Daga nan sai murza: a kama tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa da dukan hannu, a ɗaga ta kaɗan, a matsa, a saki, kamar mai cuɗa kwaɓin fulawa, ba tsunguli da bakin yatsu ba. A bi dogayen tsokoki biyu da suka sa ƙashin baya a tsakiya da tushen tafin hannu ana zagayawa, daga ƙasa zuwa sama.

Mataki na gaba shi ne wanda aka aro daga masu aikin tantani, kuma shi ya fi buƙatar haƙuri. A goge yawancin man da tsumma don hannu ya kama fata ya daina zamewa. A ɗora tushen tafin hannu, ko faffaɗan gefen sangalin hannu, a kan tsokar da ke gefen ƙashin baya, a bar shi ya nutse da kansa yayin da mai ciwo ke fitar da numfashi, a jira har a ji taurin ya ɗan ba da hanya, sannan a tura gaba a hankali ƙwarai, ta yadda tsawon tafin hannu guda zai ci kusan rabin minti. Idan hannu ya ci karo da tauri sai ya tsaya ya jira, kada ya kutsa. Yana da kyau a sa mai ciwo ya riƙa ɗan motsi a lokacin, misali ya zame hannunsa sama da ƙasa a kan tabarma yayin da ake riƙe da tsokar gefen allon kafaɗa, domin ta haka jiki ke gane cewa motsin da yake tsoro ba shi da haɗari. Tafiya 2 ko 3 a kowane gefe sun isa.

A cikin wannan tafiya za a ci karo da ƙullutai, ƙananan wurare masu tauri kamar ƙwayar gyaɗa a cikin tsoka, waɗanda idan an danna mai ciwo zai ce, "Yauwa, shi ne!" Janet Travell, wadda ta zama likitar shugaban Amurka John Kennedy a 1961, ta shafe shekaru tana zana taswirar waɗannan wurare da inda kowanne ke aika ciwonsa: na saman kafaɗa yana iya haifar da ciwon kai a gefen goshi, na gefen ɗuwawu yana iya sauka cinya har a zaci jijiya ce ta matsu. Yadda ake yi da su shi ne a ɗora babban yatsa, a tallafe shi da ɗaya hannun, a danna har zafin ya kai 5, a tsaya cak na daƙiƙa 30 zuwa 60. Sau da yawa zafin yana raguwa da kansa alhali dannar ba ta sauya ba. A saki a hankali, a shafe wurin, a wuce. Kada a tsaya ana haƙar wuri ɗaya da niyyar sai an fasa shi, domin ba ƙurji ba ne, kuma abin da za a samu washegari shi ne kumburi da kwanciyar jini.

Sai mai ciwo ya juya rigingine, a sa filo ƙarƙashin gwiwoyinsa. A zauna ta wajen kansa, a zura hannu biyu ƙarƙashin ƙeya, a lanƙwasa yatsu su tokari gindin ƙoƙon kai inda tsoka ta haɗu da ƙashi, a bar nauyin kan ya sauka a kansu na minti 2 ba tare da ja ko murɗawa ba. Ga masu ciwon kan da ke tasowa daga ƙeya, wannan ɗan abu yakan fi duk sauran daɗi. Daga nan a sauko ƙirji, ƙasa kaɗan da ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a tura da yatsu huɗu daga tsakiya zuwa waje a hankali. A nan ne kafaɗun kawuna suka fara sauka kan tabarma. Ga mai ciwon ƙugu kuwa, rabin aikin yana ɗuwawu da gefen kwatangwalo: ya kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, a danna ta saman tufa da dunƙulen hannu, a hankali. Idan ya ji wani abu kamar lantarki ya sauka ƙafa, jijiya aka taɓa, sai a matsa daga wurin. Direbobi su cire walat daga aljihun baya. Cinya da bayan ƙwauri kuwa shafa daga ƙasa zuwa sama ta wadatar.

Akwai wuraren da ba a dannawa ko mai ciwo ya roƙa: gaban wuya da gefensa inda jijiya ke harbawa, hammata, bayan gwiwa, matsematsi, tsinin gaɓoɓin ƙashin baya da ake ji a tsakiya, da ƙasan haƙarƙari ta baya inda ƙoda take, sai kuma duk inda ke da rauni ko ƙurji ko jijiyoyin da suka kumbura suka fito. Murɗa wuya da ƙarfi don ya yi ƙara, kamar yadda wasu samari ke yi wa juna a majalisa, a bar shi kwata-kwata. Wasu daga cikin jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa suna bi ta cikin gaɓoɓin wuya, kuma ko da yake ba kasafai ba ne, fizgar na iya yaga su ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙarar ma ba ƙashi ba ne ya koma gurbinsa, kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, shi ya sa gaɓar ba ta sake yin ƙara sai bayan kusan minti 20. Hawan yaro kan baya shi ma a daina, musamman ga tsofaffi, domin yaro mai kilo 20 da ya tattara nauyinsa a kan diddige ɗaya bisa haƙarƙarin kakarsa yana iya tsaga shi.

Dukan aikin minti 30 zuwa 40 ne, sau 1 ko 2 a mako. Idan an gama, mai ciwo ya juya gefe, ya tashi zaune da taimakon hannu, ya ɗan jira kada jiri ya ɗebe shi, sannan a maimaita motsin nan biyu da aka riƙe a ga ko sun ƙaru. Tsamin jiki na kwana 1 ko 2 ba abin damuwa ba ne. Idan ya wuce haka, ko wani sabon mutuwar jiki ya bayyana, a dakata a nemi likita.

Tun a daren ake fara cin moriyar sakin da jiki ya yi. Mai ciwon wuya ya zauna ya ja haɓarsa ciki ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ya riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa dogaran biyu da hannuwa, ya tura ƙirji gaba har ya ji ja, na daƙiƙa 30. Mai ciwon ƙugu ya kwanta rigingine ya tanƙwara gwiwoyi ya ɗaga ɗuwawu sama ya sauke, sau 10, sannan ya durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi ya riƙa tasa baya sama yana sauke shi a hankali. Tafiya a ƙasa ta fi duka sauƙi, ko a Dandalin Murtala ko a layin unguwa bayan Asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana 2 na atisayen ƙarfafa tsoka. Wanda ba shi da mai yi masa tausa ya sa ƙwallon tanis a cikin safa, ya rataya ta bayansa, ya jingina da bango, ya bi ƙa'idar daƙiƙa 30 zuwa 60 ɗin nan.

Game da zama kuwa, ba a tabbatar da wani zama guda da ya dace da kowa ba, kuma wanda aka ce ya sandare kamar soja a fareti zai gaji kamar wanda ya sunkuya. Daɗewa a yanayi ɗaya ne ke gajiyar da tsoka, don haka a tashi ko a sauya zama duk bayan rabin sa'a. A sa wa tsintsiya dogon mariƙi, a ɗora bahon wanki kan benci, a ɗaga waya zuwa saitin fuska. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, gara a raba ruwan a bokiti biyu, kuma duk abin da za a ɗaga a jawo shi jikin mutum a tanƙwara gwiwa.

Idan an yi mako 6 ana wannan ba a ga sauyi a barci ko aiki ko motsin da aka riƙe ba, sai a tafi wajen likitan fisiyo, wanda aka fi sani da likitan gashin ƙashi. Ana samunsu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a cikin Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma hukumar gwamnati mai kula da wannan sana'a, wato MRTB da aka kafa a 1988, ce ke yi musu rajista, don haka ba laifi ba ne a tambayi mai asibitin kuɗi lasisinsa. Na ƙwarai yana tambaya, yana gwada motsi da ƙarfin gaɓoɓi, yana bayani, kuma yana sallamar mutum da aikin da zai yi a gida. Wanda ya ɗora hannu sau ɗaya ya ce duk ƙasusuwan baya sun goce, a biya kuɗin zama 30 tun yanzu, a yi nesa da shi. Kada kuma hoton baya ya firgita kowa: wani bita da aka wallafa a 2015 kan hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya nuna kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar tsufan faifan guringuntsi, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Aikin maɗori karaya ne da targaɗe, daɗaɗɗen ciwon baya ba nasa ba ne. Haɗin ƙwayoyin da ake saye a kemis ana sha kullum, musamman diklofenak da ibufurofen, yana jawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda.

Kawu dai bai je asibiti ba, domin ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin haɗarin. Mun sa kafinta ya gyara tsawon kujerarsa ta daidaita da teburin keken, muka rataya ƙwan fitila daidai saman allura don ya daina kai fuska kusa da ɗinki, ya kuma ɗauki al'adar miƙewa duk sanda ya gama hannun riga ɗaya. Sallamarsa ta hagu yanzu ta kusa kamo ta dama. Ciwon yana dawowa a goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana kan keke saboda ɗinkin Salla, kuma a irin waɗannan darare yakan aiko ƙaramin ɗansa bayan Tarawihi ya ce in taho da man kaɗanya.